Dokar sanya takunkumi a shago: ta baladiya (hukumar birni) ce ko ta gwamnatin ƙasa?

Tela a Jidda:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na karɓi shagon ɗinki daga hannun kawuna bayan an gama da takunkumin korona, kuma har yanzu takardar da ke hana shiga ba takunkumi tana manne a ƙofa. Ina so in sani, wace hukuma ce ta kafa wannan doka, baladiya ce ko wata ma'aikata? Idan kuma wata annoba ta sake ɓulla, Allah ya kiyaye, mutum ya shigo mini fuska a buɗe, shi za a kama ko ni?

Dattijon Makka:
Wa alaikumus salam, ɗana. A nan ƙasar Saudiyya baladiya ba ta ƙirƙiri dokar ba. Ma'aikatar cikin gida ce ta sanar da ita a ƙarshen watan Mayu na 2020, bisa shawarar hukumomin lafiya, kuma doka ɗaya ce daga Jidda har Riyad. A lokacin, aikin baladiya shi ne zagayawa kasuwanni da shaguna da wuraren cin abinci domin a ga an bi, kuma tana da ikon rufe wurin da ya saɓa. A wancan lokaci, wanda aka samu ba takunkumi an riƙa cin sa tarar riyal 1,000, ta ninka idan ya maimaita. Shagon da ya bar shi ya shiga kuwa, riyal 10,000 aka fara yanka masa. Ka ga ke nan idan aka sake kafa irin wannan doka, ku biyu ne za ku amsa, kuma kai ne za ka fi jin jiki. Shi ya sa ka ga masu hankali sun ajiye kwalin takunkumi kusa da ƙofa, duk wanda ya manta nasa a miƙa masa ɗaya kafin ya tsallako.

Hajiya Mai Jinya:
Abin da Baba ya faɗa haka yake. Zan ƙara da cewa dokar ba ta tsaya cak ba, ta riƙa bin yadda cutar take. A ranar 17 ga Oktoba 2021 aka ɗage ta a fili, aka kuma cire alamun tazara a Harami, sahu ya haɗu. Da nau'in korona na Omikron ya shigo, aka maido da ita ciki da waje daga 30 ga Disamba na wannan shekarar, sannan aka sassauta a Maris 2022, kuma a watan Yuni aka ɗage ta a rufaffun wurare, ban da Masallacin Harami da na Annabi (SAW) da asibitoci.

Malam Tela, ina roƙonka kada tsoron tara ya zama shi kaɗai ne dalilinka. Shagon ɗinki ƙarami ne, ƙofa a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki, kuma lokacin da kake auna wuyan riga numfashinka da na mai kaya suna haɗuwa. A irin wannan wuri ne cutar numfashi ta fi saurin kama mutum. Takunkumin da aka sauke ƙasan hanci ko aka rataye a haɓa kuwa ba ya tare komai, kuma na ga wannan sosai har a wajen masu jiran likita.

Malamin Madina:
Akwai abin da ya dami mutanenmu a lokacin, wato takunkumi a cikin harami na Hajji ko Umra. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kai, namiji mai harami ba ya rufe kansa da fuskarsa, alhali Shafi'iyya sun halatta masa rufe fuska. Mahajjatan 2020 da na 2021 duk da takunkumi suka yi ɗawafi, domin sharaɗi ne na shiga. Wanda lalura ta sa ya rufe ba shi da zunubi. Magana ta rage a kan fidiya, wato azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka. Wannan kuwa gara mutum ya kai wa malamin da ya amince da shi tun kafin ya ɗaura harami.