Nuclear Throne: ku a ina yake kashe ku?

Mai_Shebur:
Salam 'yan uwa. Wata biyu ke nan ina fama da Nuclear Throne, wasan da Vlambeer suka fitar a 2015. Ga wanda bai san shi ba, daga sama kake hango ɗan wasanka, makami biyu kacal za ka riƙe, kuma in ka mutu an gama, sai ka koma hamada ka faro da sabuwar taswira. Jiya da ƙyar na kai 5-3, wato mataki na uku a yanki na biyar, saura maki biyu a ma'aunin raina, Lil Hunter, babban maƙiyin yankin, ya diro mini a ka. Na saki maus na yi tagumi. Ku fa?

Ba_Gudu:
Kai har ka ga Lil Hunter, ɗan'uwa? Ni Scrapyard, yanki na uku, ce maƙabartata. Kuma ba Big Dog, babban maƙiyin wurin, ke kashe ni ba, ni ke kashe kaina. Na taɓa laɓewa bayan mota don tsere wa masu harbin nesa ɗin nan, na manta mota fashewa take yi. Wata rana kuma na harba gurneti a lungu, ya dawo mini.

'Yar_Kristal:
Ni kwaɗayi ne ya yi ta cin raina. Koren abin nan da maƙiya ke zubarwa, rads, wanda ke kawo maka ƙarin girma, ɓacewa yake in ka daɗe ba ka ɗauka ba, sai in ruga tsakiyar wuta don kada ya wuce ni. Sai da na ƙirga, mutuwata bakwai cikin goma a haka ne. Yanzu cikin 'yan wasan Crystal nake ɗauka, ranta 10 maimakon 8, ga garkuwa mai mayar da harsashi. In na samu ƙarin girma aka ba ni zaɓin baiwa huɗu, Rhino Skin nake fara nema saboda ƙarin rai 4, sai Strong Spirit, wanda ke hana bugun ƙarshe kashe ka, ya bar ka da rai ɗaya. Da su na kai fada, 7-3. Ganin kujerar mulkin, wadda ita ce babbar maƙiyiyar ƙarshe, ta tashi ta nufo ni, hannuna ya hau rawa, ko minti ɗaya ban yi ba.

Ba_Gudu:
Hajiya, a ƙalla kin gan ta da idonki.

Tsohon_Hannu:
Mai_Shebur, ƙanena, sunanka ma ya ba ka amsa. Shebur yana share harsashi kuma yana duka ta cikin bango, ba ya cin albarushi. Na daɗe ina raina shi ina bin manyan bindigogi, sai su ƙare mini a Frozen City, yankin Lil Hunter, in tsaya hannu rabbana. Wani kuskuren kuma shi ne riƙe makamai biyu masu cin harsashi iri ɗaya. Game da Lil Hunter, kada ka tsaya wuri guda in ya tashi sama, kuma ka share filin da wuri kafin ya kira 'yan sandan IDPD.

Af, in kuna ganin wannan da wuya, ku gwada Synthetik na 2018. Can sai ka cire gidan harsashi da kanka kafin ka sa wani, abin da ya rage a ciki ya tafi, bindiga kuma takan cije ana tsaka da faɗa da robobi. Satin farko hannuna ya saba da cirewa da wuri, na yi ta zubar da harsashi a banza.

Mai_Shebur:
Na gode yaya. Na gwada shebur yanzu, na wuce magudanar ruwa ba a taɓa ni ba. Sai ga wani ya kwanta kamar gawa, na matsa kusa, ya miƙe ya sare ni.

'Yar_Kristal:
Assassin ke nan. Ni duk abin da na gani kwance sai na fara harbinsa. Akwai wanda ya taɓa wuce hamada da Melting, ɗan wasa mai rai 2 ɗin nan? Fiye da sau goma na gwada, Big Bandit, babban maƙiyin hamada, ko gama fitowa daga bango ba ya yi nake narkewa.