Wata 11 da daina allurar tazara, har yanzu shiru

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, don Allah ku ba ni shawara, abin nan yana hana ni barci.

Shekarata 29, ɗana ɗaya. Bayan na yaye shi na yi allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku. Yau wata 11 ke nan da ta ƙarshe. Ma'aikaciyar asibitinmu ta ce allurar kan jinkirta ɗaukar ciki har kusan shekara, ta ɗora ni kan folic acid (ƙwayar bitamin da ake ba masu neman ciki) kullum, kuma ina sha.

Inda na maƙale shi ne lissafi. An ce ƙwai yana fita kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba, to ni tawa wani watan kwana 26, wani 38. Kalandar bayan ƙofar ɗakina ta cika da jan biro, na rasa ranar kamawa. Ruwan nan mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, da ke fitowa ta gaba lokacin fitar ƙwai, sau biyu kacal na gan shi.

Surukata ta aiko da jarkar jiƙo, ban taɓa ba, tsoro nake ji. In ƙara haƙuri ne, ko mu je gwaji yanzu? Kuma ta yaya zan shawo kan maigida a duba maniyyinsa ba tare da ransa ya ɓaci ba?