Me za mu kira "online dating" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin fassara wani rubutu a kan mata marasa aure da ke neman abokin zama ta waya, sai na cije a kan "online dating". Na tambayi mutane, ga inda na tsaya, a gyara mini in na kauce.

Yawancinmu "soyayyar intanet" muke cewa, tun zamanin manhajar hira ta 2go da farkon shigowar Facebook. Ban gamsu da ita ba. Wadda ta buɗe manhajar haɗa maza da mata irin Tinder ko Muzz ta sa hotonta ai ba ta fara son kowa ba tukuna, dubawa take yi. Ana nuno mata mutum, in ya kwanta mata ta ja hoton dama, in bai yi ba ta ja hagu, kuma ba za su yi magana ba sai shi ma ya zaɓe ta. Soyayya sai can gaba, in Allah ya nufa.

Wani malamina ya ce "zancen intanet". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma zance yana da ƙofar gida. Saurayi ya zo, ya yi sallama, ya aika yaro ya ce ana kiran wance, iyaye sun san da zuwansa. A waya kuwa babu zaure, babu yaron aike. "Taɗi" ta fi sauƙi, ita ce hirar kanta. Wani ya kawo "tsarince", na ce a'a: wannan tsohuwar al'ada ce da ta wuce hira, kuma ɗora ta a kan matar da ke neman aure ƙazafi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne "neman miji a intanet". Ku saurari yadda take fita a baki. A Hausa namiji ne ke neman aure, mace kuwa nemanta ake yi, shi ya sa da an ce tana neman miji sai a ji kamar ta rasa mashinshini. Alhali bazawarar da ta gama idda, ko likitar da asibiti ya cinye lokacinta, ko 'yarmu da ke karatu a Ingila inda babu mai zuwa ƙofar gida, ba abin kunya suka yi ba. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, ita ta aika ƙawarta Nafisa da maganar aure wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Manhajar Bumble ma, da aka kafa a 2014, an gina ta ne a kan mace ta fara magana.

Aikin Nafisa kuwa muna da sunansa: dalili. Mai dalilin aure a Kano hotuna take riƙewa, ta ji abin da kike so, ta haɗa ki da wanda take ganin kun dace, a ba ta tukuici. Manhaja ma haka take yi, sai dai mai dalili ta san gidan su mutumin, tana iya ce miki yana da mata biyu. Manhaja abin da ya rubuta kawai ta sani, daga nan 'yan damfara ke shigowa.

To ga abin da zan sa. Irin su Muzz, da aka fara a Birtaniya don Musulmi masu niyyar aure, "manhajar dalilin aure". Irin su Tinder, da ta fito a 2012 ba tare da sharaɗin aure ba, "manhajar taɗi". Aikin kansa "taɗin intanet". In biyu sun zaɓi juna, "sun dace".

'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku ma "mai dalili" kuke cewa, ko akwai wata kalmar a wajenku? Jibi zan miƙa aikin.