Chana ko Indiya, ina aka fi kula da karatu da bincike?

Dan_Tunfure:
Salam jama'a. Ƙanina ya gama digiri a jami'ar ATBU ta Bauchi ɓangaren injiniya yana so ya fita mastas, tun jiya muke gardama a majalisarmu a Tunfure wasu sun ce Chana wasu sun ce Indiya. Ni abin da nake so in sani ina ne gwamnati take zuba kuɗi a bincike da gaske, don yaron lab yake so ba takarda kawai ba.

Malam_Yelwa:
Wa alaikumus salam. In dai kuɗi ne babu haɗi. Chana tana kashe sama da kashi 2 cikin ɗari na tattalin arzikinta a bincike, Indiya ko kashi 1 ba ta kai ba. Tun 1998 'yan Chana suka ware wasu jami'o'i da wani shiri da ake kira 985 suka yi ta zuba musu kuɗi, irin su Tsinghua, ga kuma cibiyar kimiyya ta ƙasa da suka kafa tun 1949. Kuma a can kamfanoni ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, a Indiya kuwa har yanzu gwamnati ce ke jan kayan.

Ummu_Hanan:
Malam gaskiya ne amma kar a raina Indiya fa. Ni can na yi mastas, da Turanci ake komai ba sai ka ɓata shekara kana koyon yare ba. IIT ɗinsu, wato manyan makarantun fasaha na gwamnati, tun 1951 aka buɗe ta farko a garin Kharagpur, kuma hukumar sararin samaniyarsu ISRO ta sauke kumbon Chandrayaan-3 a kan wata a 2023 da kuɗi kaɗan. Matsalar ita ce masu kyaun 'yan kaɗan ne, ni ejan ne ya kai ni wata mai zaman kanta, wallahi mu shida muke layi a kan na'ura ɗaya, wani lokacin sai bayan isha'i nake samu in taɓa ta.

Dan_Tunfure:
Subhanallah. To Hajiya ya ake gane ta kirki?

Ummu_Hanan:
Ya nemi ta gwamnati, IIT ko NIT (su ma makarantun fasaha ne), ta hanyar sikolashif ɗin ICCR na gwamnatin Indiya. In Chana ce ya cika CSC, wato sikolashif ɗin gwamnatin Chana, amma ya fara tura wa farfesa imel ya tambayi kayan da ke lab ɗinsa kafin ya biya kowa ko sisi.