Neman kalma a Damagaram kafin La'asar: masu fita don tsuntsaye, ba harbi ba kamu

Mai shirin matasa: Salamu alaikum malamaina. Yau da La'asar zan ɗauki shirin rediyo, kuma na maƙale. Rahoton da nake fassarawa daga Faransanci yake, kan Central Park, lambun nan mai faɗin hekta 341 da ke tsakiyar birnin New York. A watan Mayu ƙananan tsuntsaye masu ƙaura daga kudu zuwa arewa kan sauka can su huta, har ana ganin iri fiye da 200 a shekara. Mutane kan fito tun asuba da jumel da kamara, su gane kowane iri, su rubuta, su ɗauki hoto. Faransawa na cewa observation des oiseaux, Ingilishi birdwatching. Mu me za mu ce? Ga kuma printemps, ita ma ta tsaya mini.

Mushen lakwal, Birni: Kallon tsuntsaye. Masu yi, masu kallon tsuntsaye. Kowa zai gane.

Hajiya ta Sabon Gari: Zai gane, Mushe, amma me zai gane? In aka ce ɗan kallo, ai wanda ba shi da aiki ne, ya tsaya bakin dambe ya saki baki. Waɗannan kuwa da littafi suke fita. Ni na fi son nazarin tsuntsaye.

Mushen lakwal, Birni: Nazari na malaman jami'a ne, Hajiya, shi ne ornithologie. Idan muka ba 'yan sha'awa shi, ranar da masanin ya zo me za mu kira shi?

Ɗalibin jami'a: Duban tsuntsaye fa?

Hajiya ta Sabon Gari: A'a ɗana, kada a ce masu duba a rediyo, sai tsofaffi su ɗauka bokaye ne. Leƙe ma kar a kawo shi.

Baba na Zango: Ɗiyata, ki rubuta farautar ido. Mahaifina maharbi ne. Na ga yadda yake ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa, yana tafiya yana sunkuyo kamar mai kiwo, har ya isa kusa da nama bai razana ba. Ya san iska, ya san inda fakara ke kwana, ya san kukan kowane tsuntsu da abin da yake nufi. Duk abin da kika faɗa, fitar asuba, shiru, haƙuri, sanin iri, aikin maharbi ne. Kibiya kaɗai aka cire. Mai kamara kuma sai a ce mafaraucin hoto. Shekara da shekaru ina riƙe da kalmar nan, ban samu inda zan aje ta ba sai yau.

Ɗalibin jami'a: Wallahi Baba ta yi daɗi a kunne.

Mushen lakwal, Birni: Ta yi daɗi, amma ina tsoronta, Baba. Yaran da za su saurari shirin nan su ne masu danƙo a aljihu. Ina ganinsu bakin tafki suna harbin balbela da kurciya. In suka ji farauta, ido zai faɗi a hanya, farautar ce za ta isa gida. Kuma a Amurkan ma, ƙidayar tsuntsaye ta ƙarshen shekara da aka fara a 1900, an kawo ta ne don ta maye gurbin gasar harbi. Abin da suka gudu daga gare shi, shi za mu raɗa musu?

Baba na Zango: Kai dai ka ce ba a gidajen rediyon waje ka ji ta ba. Da daga Kano ta fito, da tuni kun haddace. Kullum sai mu jira a yanko mana kalma daga kudu, kamar Damagaram ba ta da baki. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926!

Baƙo daga Kano: Baba a yi haƙuri, mu ma ba mu da wata tsayayyar kalma a kan wannan. Sai dai jumel ɗin nan ban san shi ba. Mu madubin hangen nesa muke cewa.

Baba na Zango: Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ku da kuke cewa fensir da bokiti, ku bar mana jumel.

Hajiya ta Sabon Gari: Ku tsaya, yarinyar nan La'asar take jira. Maganar printemps ba wanda ya taɓa. Ina jin ana fassara ta da bazara, kuma yana damuna. Bazara a nan zafi ce, rijiya ta ja baya, dabba ta rame, kowa yana duban gabas. Can kuwa ƙanƙara ce ta narke, itatuwa suka yi toho. Lokacin ɗaya ne, amma mai sauraro a Mirya zai zana wani hoto daban a zuciyarsa.

Mushen lakwal, Birni: Gaskiya ne. Sai dai tsuntsayen sun haɗa mu ta wani gefe. A Maris da Afrilu tsattsewar Turai da ta yi hunturu a Afirka take keta Sahara ta koma arewa. Tana wucewa, shamuwa na isowa daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a manyan itatuwan gari, ta ci fara, ba mai taɓa ta. Manomin da ya ɗaga kai ya ce shamuwa ta zo, a gyara gona, ai wannan aikin yake yi tun kafin a ƙera kamara. Ki fara shirin da shamuwa, sannan ki kai su New York.

Mai shirin matasa: Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta: kallon tsuntsaye a kan aikin, sau ɗaya zan ƙara da cewa kallo ne na sani da lura. Mutanen kuma masu bibiyar tsuntsaye, don na kauce wa 'yan kallo. Mai kamara, mai ɗaukar hoton namun daji. Printemps zan ce lokacin toho bayan hunturu. Wurin kuma lambun shan iska. Baba, zan ba da labarin burtu, in ce wani dattijo a Zango yana kiran abin farautar ido.

Hajiya ta Sabon Gari: Bibiya ba ta kwanta mini sosai ba, amma ta fi kallo. Lokacin tohon kuma ya yi tsawo, a ci gaba da nema.

Baba na Zango: Kurciyar cikin gari ba naman daji ba ce, ɗiyata, wannan ma ki sake dubawa. Tawa kuma na ji, a ambace ta ko sau ɗaya ne. Ƙarfe nawa za a sa shirin?