Na rantse ba zan sayi yayi ba bana, ga shi bikin gida ya taso

Tambaya daga wata tela a Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Shekara 3 ke nan ina ƙudurta tara kuɗin keken ɗinki na lantarki, amma kullum sai kuɗin su zurare a yayin biki (zane iri ɗaya da 'yan biki ke saya) da gudummawar suna. A daren 31 ga Disamba, sa'ad da maƙwabtanmu Kirista suka tafi coci raya dare, na buɗe akwati na ƙirga atamfa 9 da na saya bara, mafi yawansu ban sake ɗaura su ba tun ranar walima. Raina ya ɓaci, na ce wallahi bana ba zan sayi yayin kowa ba. To, ga shi 'yar ƙanwar mahaifiyata za ta yi aure a Fabrairu, har an turo mini hoton zanen. In na ƙi, a ce na raina zumunci, in kuwa na saya, na yaudari kaina tun shekara ba ta je ko'ina ba. Ina neman shawararku.

Wani malamin makaranta daga Asawase:

Wa alaikumus salam. Malama, ƙudurin zuci daban, rantsuwa daban. Tunda kin ambaci sunan Allah da gangan, rantsuwa ce, kuma aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta faɗi kaffarar karya ta: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. Hadisin Muslim ya ba wanda ya rantse, sannan ya ga abin da ya fi alheri, damar aikata alherin ya yi kaffara. Sai dai ni ban ga inda rashin ɗaura zane iri ɗaya ya zama yanke zumunci ba, don haka ban ga dalilin karya ta ba.

Wata Hajiya mai shago a kasuwar Kejetia, Kumasi:

'Yata, zumunta a ƙafa take, ba a zane ba. Kada ki amsa wannan magana ta waya. Ki tashi ki je gidan innarki da yamma, ki durƙusa ki gaishe ta, ki faɗa mata gaskiya cewa kin rantse, sannan ki ce ɗinkin amarya na ranar walima ke za ki yi kyauta. Masu gutsiri-tsoma za su yi na mako guda su koma kan wata. Na ga irinsu da yawa, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ta taɓa biya mini kuɗin haya.

Amma laifin ba na yayi kaɗai ba ne. Muddin kuɗin suna kwana a MoMo, wato asusun kuɗi na wayarki, duk wanda ya kira da murya mai ban tausayi zai samu. Ki nemi mai susu amintacce, wato mai karɓar ajiyar kuɗi ta kullum, wanda maƙwabtan shagonki suka daɗe da shi. Idan kina zuba sidi 20 kullum, a kwana 30 kin tara 600, ya cire zubin kwana ɗaya ladansa, ki karɓi 580 ki ajiye inda hannunki ba ya kaiwa da sauƙi.

Wani matashi daga Nima, Accra:

Yaya, ni abin da nake ja a kai shi ne Janairun kanta. Shekarar tela ba daga nan take farawa ba, daga azumi take farawa, lokacin da ɗinkin Sallah ke hana ku barci. Kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka kakar kuɗinki tana ƙara zuwa da wuri kowace shekara. Ki sa ranar sayen keken a makon da ya biyo bayan Ƙaramar Sallah, kafin bukukuwan bayan Sallah su buɗe baki.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri. Na je wurin Inna jiya bayan la'asar. Ta yi shiru har na fara zufa, sannan ta ce ta yarda, amma in haɗa da ɗinkin ƙannen amarya 2. Katin susu kuwa gobe zan karɓa.