Tambaya kan raƙumin dawa: me ya sa ake hana wasu haihuwa a gidan zu?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin dabbobi ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Ana ta cewa raƙumin dawa na ƙarewa a Afirka, amma kuma sai na ji wai gidajen zu na Turai da gangan suke raba maza da mata, wasu ma allurar hana haihuwa ake musu wai don ruwa biyu ne. To ni dai a ganina raƙumin dawa ai raƙumin dawa ne, in ana tsoron ƙarewarsa ba sai a bar su su yi ta haihuwa ba? Wallahi abin ya dame ni.

Likitan Dabbobi, Shika:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsalar daga nan take, ba iri ɗaya ba ne. Da can ana ɗaukarsu jinsi ɗaya mai rassa tara, sai a 2016 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna jinsi huɗu ne daban daban: na arewa, na kudu, na Masai, da mai zanen raga na arewacin Kenya da Somaliya da kudancin Habasha. Ko da ido za ka gane in ka saba, na Masai zanensa kamar ganye ne mai tsage-tsage a baki, shi kuwa mai raga manyan faci ne jajaye da fararen layuka tsaf a tsakani. A Kenya akwai wuraren da suke maƙwabtaka da juna amma da wuya ka samu sun yi barbara a tsakaninsu. Mutane ne suka haɗa su a keji shekaru da dama lokacin da babu wanda ya damu da rubuta wane daga ina aka kamo shi, kuma in aka haɗa su suna haihuwa lafiya lau, 'ya'yan ma suna haihuwa, shi ya sa cakuɗar ta yi nisa kafin a farga.

Ka dubi shanunmu. Nan Shika an daɗe ana haɗa Bunaji da Firiziyan, shanun Turai masu yawan nono, don a samu madara, kuma ba laifi tunda nono ake nema. Amma da za a wayi gari Bunaji na neman ƙarewa aka ce ka kawo iri a farfaɗo da shi, ruwa biyun nan ba za ta yi maka ba komai kyanta. Gidan zu na ƙwarai ajiyar iri yake yi don wata rana, sannan ga ƙarancin wuri, dabba ce da namijinta ke wuce mita 5, cikinta wata 15 ne kuma ɗa ɗaya take haifa, ta kan yi shekara 25 a raye, kenan duk ɗakin da ruwa biyu ya tare an hana tsantsar iri wuri na tsawon shekarun nan. Shi ya sa a Turai suke da littafin asali, kowace dabba da uwarta da ubanta a rubuce, mai riƙe da littafin shi ke cewa a kai wannan namijin gari kaza. A Amurka kuwa cakuɗar ta riga ta yi yawa, sai suka ware na Masai kaɗai suna tsare shi, sauran suka haɗa su rukuni ɗaya.

Bazazzagiya:
Likita na ji bayaninka amma gaskiya ni zuciyata ba ta kwanta da mutanen nan ba. Ba su ne suka harbe wani ɗan saurayin raƙumin dawa a Denmak a 2014 ba, lafiyarsa ƙalau, ɗan shekara biyu kacal, suka feɗe shi a gaban yara suka ba zakuna naman? Dabbar nan ba ita ta ce a haife ta ba. Kai ka haɗa iyayenta, to amana ce a wuyanka har ranar da Allah zai ɗauki ranta, ba wai in lissafinka bai fita ba ka kawar da ita.

Likitan Dabbobi, Shika:
Hajiya gaskiyarki, Marius sunansa, a gidan zu na Kofanhegan. Sai dai shi ba ruwa biyu ba ne, cewa suka yi jinin danginsa ya yi yawa a cikin shirin kiwon, in ya haihu za a riƙa barbarar 'yan'uwa. Ni ma ban goyi bayan kisan ba ko kaɗan. Akwai hanyoyi, ana tara maza zalla a garke ɗaya, ana yi wa mata allura, ana iya fiɗiye namiji duk da cewa sa wa raƙumin dawa maganin barci kasada ce babba, in ya faɗi ba daidai ba wuyan nan na iya samun rauni, ko abincin tumbinsa ya dawo ya shaƙe shi. Kowace hanya da wahalarta da tsadarta, amma wanda ba zai iya ɗaukar nauyin ɗa ba tun farko bai kamata ya bari a yi cikin ba.

Malam na Tudun Wada:
Ku bar ta Turai tukuna, namu fa? Irin na Yammacin Afirka, wanda Turawa suka fara siffanta shi da wanda aka harbe wajen Lakwaja, yanzu babu shi a dajin Najeriya, sai a Nijar yankin Kure kusa da Yamai. A 1996 saura 49 kacal, yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Kuma ba a keji aka farfaɗo da su ba, cikin gonakin mutane suke yawo suna cin gawo da aduwa, wani lokaci su yi wa manomi ɓarnar wake da mangwaro, aka hana farauta aka kuma samar wa ƙauyukan abin da za su amfana. Wani abin da ya kamata ku sani, gidajen zu na Faransa sun daɗe suna zaton irin nan ne a hannunsu, sai gwaji a 2007 ya nuna na Kordofan ne, wato wani reshe daban, irin na Waza a Kamaru da Zakuma a Cadi. Ka ga da an yi gaggawar kwaso su an saka cikin na Kure da an ɓata ɗan abin da ya rage.

Mu ma nan, waɗanda ke dajin Sumu a Bauci daga Namibiya aka kawo su, na kudu ne. Yara su je su gani su ji daɗi, amma kar wani ya ce an dawo mana da namu.

Ɗan Samaru:
Allah ya saka da alheri Malam, da kai da Likita. Yanzu na gane dalilin hana barbarar, amma batun kisa ina tare da Hajiya ɗari bisa ɗari. Likita tambaya ɗaya ta rage min, in gidan zu a nan ƙasar ya samu namiji da mace babu takardar asalinsu, gwajin jini ne dole ko gashi ma ya isa?

Likitan Dabbobi, Shika:
A daji ɗan guntun fata ake ɗauka da wata kibiya da ake harbawa daga nesa, ta taɓa cinya ta faɗo ƙasa da tsokar da ba ta kai ƙwayar masara ba, ba sai an kwantar da dabbar ba. Gashi mai saiwa ma yana yi. Kafin sakamako ya fito a sa shinge tsakaninsu, su riƙa ganin juna suna shinshinar juna ta sama amma kar a haɗa.